Injin Yayana Kullum Cewa Yake Lafiya Lau

Gwaggo, don Allah ki taimaka min da shawara, kaina ya kulle. Na rubuta wasiƙar nan na goge ya fi a ƙirga, domin duk yadda na juya ta sai in ga kamar ƙarar yayana na kawo, alhali kaf duniya babu wanda nake ganin girmansa kamar shi. Ke na zaɓa saboda na taɓa karantawa a filin nan cewa kin yi aikin rubuta manhaja kafin ki ajiye, ba za ki ce yarinyar nan ta zo da yaren aljanu ba. Duk da haka zan bi abin a hankali saboda masu karatu.

Ni da Yaya sana'armu ɗaya, muna ƙera injin ƙyanƙyasar ƙwai. Shagon namu tsohon garejin gidanmu ne: benci biyu, fanka guda mai ƙara kamar za ta tashi sama, da warin dalma da ya riga ya kama labule. Yaya ne ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, shi ya kai ni makaranta, shi ya fara ɗora hannuna a kan kwamfuta ina ƙyuya ina turo baki. A cikin kowane inji akwai ɗan allon lantarki da bai kai tafin hannu ba, shi ke kula da hita da fanka da ma'aunin zafi. A cikin allon nan Yaya ya dasa 'yar ƙaramar saba, wato manhajar da ke amsawa idan waya ta yi tambaya. Ba daga tushe ya rubuta ta ba. Wani laburare ya ɗauko, wato guntun manhaja da wasu suka riga suka rubuta, irin wanda mutum ke haɗawa cikin tasa manhajar kai tsaye: laburaren ya karɓi buƙatar HTTP, wato tambayar da waya ta aiko, ya miƙo maka, kai ka gina amsa, ka ba shi ya aika. Mai kaji yana zaune a ɗakinsa ko yana kasuwa, wayarsa ta tambayi inji yaya zafi, inji ya ba ta amsa. Manhajar wayar ni na rubuta, ɓangaren injin kuwa na Yaya ne.

Gwaggo, da za ki ga yadda bawan Allahn nan ke gina amsa, da kin ja kujera kin zauna kallo. Kin san kowace amsa kashi uku ce: lambar da ke faɗin halin da ake ciki, sai bayanan kai, wato waɗanda ake rubutawa a saman amsa, sai saƙon kansa. Yawancin masu aikin nan saƙon kawai suka sani, sauran su bar wa laburare ya yi yadda ya ga dama. Ban da Yaya. Ba ya sakin amsa sai ya rubuta a kanta irin saƙon da ke ciki da tsarin haruffansa, don kada ƙ da ɗ da ɓ su koma akwatuna a wayar mutane. Cewa yake ba zai sayar wa mutum injin ƙwai ba alhali injin bai iya rubuta ƙwai ba. Shafin farko, wanda ba ya canzawa, sau ɗaya yake gina shi idan an kunna inji, ya yi ta miƙa wa duk wanda ya zo, saboda ƙwaƙwalwar allon 'yar mitsitsiya ce. Awon zafi kuwa, da yake kullum sabo ne, sai ya umarci laburare ya kwafe shi, domin wurin da aka rubuta shi za a share kafin a gama aikawa. Ranar da ya koya min wannan ce min ya yi ba a zaunar da baƙo a tabarmar da ake shirin naɗewa, kuma har yau ban manta ba.

Idan ya miƙa amsa ga laburare, nan take yake sakin nasa riƙon don ƙwaƙwalwar ta dawo. Wanke kwano yake kiran wannan. Injinanmu makonni suke yi a kunne babu hutu, da a ce kowace amsa tana barin ɗan saura, da inji ya shaƙe tun ƙwai bai yi rabin hanya ba. Tarihin zafi mai tsawo kuma ba ya loda shi gaba ɗaya, gutsure-gutsure yake bayarwa, laburare na cewa ƙaro yana ƙarawa. Kai, ko wanda ya ɓata hanya ya nemi shafin da babu, lambar 404 ɗin Yaya da ladabi take zuwa, ta ce babu wannan shafin, ga hanyar komawa. Ya kuma sa umarni a kan kowane awo cewa kada waya ta ajiye shi ta nuna daga baya, wai tsohon labari a kan ƙwai ƙarya ne. Ina faɗa miki duk wannan ne don ki san ba sakarai nake magana a kai ba. Ni dai ban taɓa ganin hannu mai tsabta a aikin nan kamar nasa ba, kuma ina alfahari idan aka ce ni ce ƙanwarsa.

To ga inda gizo ke saƙa. Akwai wata dattijuwa cikin masu sayen injinmu, Maman Zabi muke ce mata don ƙwan zabi take ƙyanƙyasa. Kwanakin baya ta shigo shago da hantsi ɗauke da roba cike da ƙwai, ta dire a kan bencina. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Ɗaya ta ɗauka ta fasa a hankali ta nuna mana: ɗan tsako ya gama haɗuwa har da gashinsa, saura ƙiris ya fito, amma ya mutu. Duk robar haka take. Ashe damshi ne ya cinye wayar lantarkin ma'aunin zafin. Allon da ya daina samun awo sai ya kashe hita, kamar yadda aka tsara don gudun gobara, ƙwai ya huce. Ita kuwa duk lokacin da ta duba wayarta kore take gani, alamar lafiya, da awo mai kyau, sai ta ci gaba da harkokinta. Ba ta farga ba sai da ta ɗora hannu a jikin injin ta ji shi sanyi ƙalau.

Yaya ya ji abin har cikin ransa, na gani a fuskarsa. Ya ba ta haƙuri, ya taka da ƙafarsa har gidanta ya canza ma'aunin, ya dawo ya sauya irin wayar lantarkin da muke sawa a duk injinan, ya liƙe mahaɗarta yadda damshi ba zai shiga ba. A wurinsa magana ta ƙare. Ni kuwa koren nan ne ya hana ni sakat. Manhajata tana kaɗa ƙararrawa ne idan lambar amsa ba 200 ba ce, wato lambar lafiya, ko idan awo ya fita daga ƙa'ida. Me ya hana ta kaɗawa? Na buɗe aikin Yaya na bi layi-layi, sai ga shi ɓaro-ɓaro: idan ma'auni ya ƙi magana, inji ya ɗauko awo mai kyau na ƙarshe, ya ɗora masa 200, wato komai daidai, ya aika. Kuma ba kuskuren hannu ba ne, da gangan aka rubuta, da irin tsabtar nan tasa.

Ban iya fitowa fili ba, sai na yi masa hannunka mai sanda. Na tambaye shi kamar mai neman ƙarin ilimi, me ya sa ba a aika lambar matsala a wurin. Bai ko ajiye ƙarfen solda da yake narka dalma da shi ba ya ba ni labari. Ya ce injinanmu na farko suna aika 500, lambar matsala, da zarar ma'auni ya yi tuntuɓe, manhajata kuma ta mai da fuskar waya ja ta kama jiniya. Mutane su rugo a gigice, su wangale ƙofar inji, su yi ta taɓa ƙwai, wani ya zare filogi, wani har fitila ya cusa ciki don ya ƙara ɗumi. Alhali mafi yawan lokuta ma'aunin shaƙuwa kawai ya yi, kafin ka ƙifta ido ya dawo. Ya ce ƙwan da firgici ya kashe ya fi wanda ma'auni ya kashe, shi ya sa ya yanke cewa injinsa ba zai ƙara tsorata bayin Allah ba. Gwaggo, gaskiya ya faɗa, na tuna lokacin.

Kuma halinsa ne haka. Yaya ko zazzaɓi na kaɗa shi, ka gaishe shi zai ce lafiya lau, ya ƙara da tambayar mutanen gidanka. Matarsa da na ba ta labari dariya ta yi, ta ce ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, injin mai shi ya gado. Ta ce in rufa wa kaina asiri in bar maganar, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Amma na kasa bari. Na zauna na rubuta gyaran, 'yan layuka ne: idan ma'auni ya yi shiru, inji ya aika 503, wato ba zan iya ba da amsa yanzu ba, tare da bayanin kai mai cewa a sake tambaya nan gaba kaɗan. Na gwada, yana aiki. Yana nan a kwamfutata ban nuna wa kowa ba sai wata ƙawata. Yanzu haka akwai jerin injina a jingine da bangon shago, na wata ƙungiyar mata masu kiwon kaji ne, an kusa zuwa ɗauka, yawancinsu wannan ne injinsu na farko. Ni ce mai loda manhaja a kan allunan, kuma Yaya ba ya bin bayana, ya yarda da ni ɗari bisa ɗari. Ƙawata ta ce in zura gyaran shiru, in ya so Allah ya san niyyata. Wallahi na ɗora yatsa a kan maɓallin na janye.

Tsorona ɗaya ne. Yaya ba ya faɗa, shiru yake yi. Akwai wani da ya taɓa aiki da mu, ya gyara masa magana a gaban mai saye. Yaya ya yi masa godiya, bai kore shi ba, bai rage masa komai ba, amma daga ranar bai sake yi masa wasa ba har ya gaji ya tafi. Ni ba zan iya zama a shago ɗaya da wannan shirun ba. In na yi magana ina tsoron rasa yayana, in na yi shiru ina ganin robar Maman Zabi. Ya zan yi, Gwaggo?

Taki,
Ƙanwar mai injin ƙwai

AMSA

'Yata, sannu da ƙoƙari. Ki kwantar da hankalinki, ba ƙarar yayanki kika kawo ba. Ni da na karanta wasiƙarki sai na ji ina sha'awar ganin aikinsa. Mutumin da ke tuna haruffan masu karatunsa, yake kuma mai da kowace ƙwaƙwalwa da ya ara, irinsa ba su da yawa. A zamanina na yi aiki da manyan masu digiri da ba su damu da rabin wannan ba. Allah ya ƙara masa basira, ke ma kin yi dace da malami.

Bari mu fara da nasa gefen, domin yana da hujja. Firgici yana kashe ƙwai, ya gani da idonsa, kuma tausayi ne ya sa ya yi abin da ya yi. Inda ya zame shi ne wurin da ya zuba tausayin. Lambar amsa ba mutum ke karanta ta ba, manhaja ce, ita kuwa manhaja ba ta da zuciyar da za ta tsinke. Wurin lallashi shi ne saƙon da mutum zai gani. Yayanki ya je ya lallashi manhaja, sai mutum ya zauna cikin duhu. Tsakanin mutane, lafiya lau ladabi ne, domin mai gaisuwa yana ganin fuskarka, zai gane in ba lafiya. Waya ba ta ganin fuskar inji, abin da ya faɗa mata shi ke nan.

Yanzu naki gefen. Ki sake karanta labarin da ya ba ki. Wa ya mai da fuskar waya ja? Wa ya sa jiniya? Manhajarki ce. Yayanki bai zo ya ce ki gyara ba, sai ya toshe abin daga nasa ɓangaren, wataƙila don kada ya karya miki gwiwa kina sabon hannu. Ba laifi nake ɗora miki ba, albishir nake yi miki: matsalar rabi-da-rabi ce, kuma wannan ne zai sauƙaƙa miki magana. Gyaran da kika rubuta ma bai cika ba. In kika aika 503 ga waccan jiniyar, kin koma gidan jiya, mutane za su sake wangale ƙofa, kuma yayanki zai zama shi ne mai gaskiya.

Ga abin da nake gani. Ku raba shaƙuwa da mutuwa. In ma'auni ya ɗan yi tuntuɓe, inji ya aika awon ƙarshe da 200 kamar yadda yake yi, amma ya haɗa da lokacin da aka ɗauke shi, waya ta nuna. In shirun ya wuce iyakar da ku biyu kuka san ƙwai zai jure, ko in hita ta mutu, to 503 ta fita, da umarnin sake tambaya, da saƙo irin na yayanki mai sanyi: ma'auni ya daina aiki, kada a buɗe ƙofa, a lulluɓe inji, a kira mu. Ke kuma ki cire ja da jiniya, ki sa sautin da zai kira mutum ba tare da ya zubar da abin da ke hannunsa ba. Ki fara gyara naki kafin ki taɓa nasa.

Shawarar ƙawarki kuwa ki ajiye ta. Na san da kyakkyawar niyya ta faɗa, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Rana ɗaya wata za ta kira yayanki ta karanta masa saƙon da bai san da shi ba, ya tsaya yana inda-inda a kan injin da ya ƙera da hannunsa. Ranar zai gane cewa wurin da ba ya dubawa saboda yarda, ta nan aka bi. Wannan shi zai jawo shirun da kike tsoro, ba magana ba. Shawarar matarsa ma ban karɓa ba, ko da yake ta fi mu sanin mijinta. Babba yana hango nesa, gaskiya ne, amma wannan karon ke ce kika sunkuya kika karanta layin.

Game da mutumin da ya daina yi wa wasa, ki lura da inda abin ya faru: a gaban mai saye. Ban ga alamar yayanki yana ƙin gyara ba, tozarci ne ba ya so, kuma babu mai so. Don haka ki zaɓi lokacin da kuke ku biyu a shago, babu mai saye, babu matarsa, ba ya tsakiyar wani aiki. Ki fara da cewa kin gane jiniyarki ce ta jawo, ga yadda kika gyara ta, ki nuna masa. Sannan ki roƙe shi ku yi gwaji tare. Ki kunna inji guda, ki ba yayanki waya ya riƙe, ki zare ma'aunin, ki yi shiru. Ki bar shi ya ji inji na hucewa a ƙarƙashin tafinsa alhali kore na kallonsa. Mai sana'a irinsa ba ya buƙatar wa'azi bayan wannan. In ya yi gardama, ki tuna masa da ladabi cewa shi ne ya hana waya nuna tsohon awo, ki tambaye shi ko dokar ta hau kan inji ma. Kuma kada ki miƙa masa gyaranki a matsayin hukunci. Ki ce ya duba miki, ki bar shi ya rubuta saƙon da kansa, don ya fi ki iya lallashi.

In duk da haka ya ƙi, kada ki yi fushi, kada ki yi barazana. Ki gaya masa a fili cewa hannunki ba zai iya loda wannan a injinan ƙungiyar ba, ki roƙi a jinkirta ɗauka har ku daidaita. Zai iya yin shiru na ɗan lokaci, ba zan ɓoye miki ba, kuma zai yi miki ciwo. Ki jure, ki ci gaba da gaishe shi da yi masa hidima kamar kullum. Shirun wanda aka gaya wa gaskiya a keɓe ba ya daɗewa.

Abin da ba zai jira ba shi ne injinan da ke jingine da bango. Matan nan za su zuba ƙwansu, su rufe ƙofa, su sa waya a jaka su fita nema. Ba su san 200 ba, ba su san 503 ba, ku biyu suka sani. Kada inji ko ɗaya ya fita daga garejin nan kafin ki yi magana da yayanki.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya da taushin harshe, ya buɗe masa ƙirji, ya bar ku tare a shago ɗaya, ya sa albarka a sana'arku.

Gwaggonku